Sanin Maɓallan Mikisa: Darasi Domin Masu Kula Da Sauti A Majami'unmu

'Yan'uwa, da wuya a sami wani a cikinmu wanda bai taɓa zama a majami'a ya ji lasifika ta saki wannan kuka mai huda kunne ba, daidai lokacin da mai karatu ya buɗe baki. Jarirai su firgita, tsofaffi su toshe kunne, kowa ya juya yana hararar saurayin da ke zaune gaban na'ura, shi kuwa ya shiga murɗe-murɗe bai san wanne maɓalli ne ya jawo abin ba. Akwai kuma matsalar da ta fi wannan muni, domin ita ba ta yin ƙara. Mutanen kujerun baya sukan zauna daga farkon Misa har ƙarshe suna jin amo, amma ko kalma biyar ba su kama ba. Idan ƙorafi ya kai gaban kwamitin faris, amsar da aka saba bayarwa ita ce a yi gudummawa a sayi sababbin kaya. Mun ga inda aka yi haka, aka kashe kuɗin da talakawa suka tara da gumi, bayan wata biyu kuka ya dawo yadda yake. Sau da yawa kayan lafiyarsu lau. Mu ne muka ɗora yaro a kan aiki ba mu nuna masa yadda ake yi ba.

Na'urar da muke nufi ita ce wadda masu sana'ar ke kira mikisa, wato akwatin nan mai faɗi wanda wayoyin makirufo duka ke shiga cikinsa kafin sauti ya wuce zuwa amfilifaya, daga nan zuwa lasifika. Wanda ya fara ganinta yakan tsorata, gama a kan matsakaiciya ma ana iya ƙirga maɓallai fiye da ɗari. Amma mu duba da kyau. An jera su ne daga sama zuwa ƙasa kamar kunyoyin gona, kuma kunya ta biyu daidai take da ta farko, ta uku daidai da ta biyu. Kowace kunya ita ce layi ɗaya, na makirufo ɗaya ko abin kiɗa ɗaya. Wanda ya fahimci layi ɗaya ya fahimci kusan dukan na'urar, ko ta Yamaha ce, ko Soundcraft, ko Mackie, ko Behringer. Sauti yana shiga ta sama yana gangarowa ƙasa, saboda haka abin da aka ɓata a sama ba ya gyaruwa a ƙasa. A bisa wannan tsari za mu bi layin.

Ƙofar shiga

A saman kowane layi akwai ramuka biyu. Babban, mai ƙananan huji uku, shi ne XLR, kuma na makirufo ne. Ƙaramin na jak ne, mai kaurin milimita 6.35, ta nan ake shigar da kibod da sauran na'urorin da ke fitar da sauti mai ƙarfi. Bambancin ba ƙarami ba ne. Lantarkin da makirufo ke haifarwa idan mutum yana magana bai wuce 'yan ɓarɓashi cikin dubu na bolt ɗaya ba, alhali sautin da mikisa ke aiki da shi a cikinta yana kusa da bolt guda. Wanda ya cusa kibod ta ƙofar makirufo zai ji sautin ya tsage tun kafin ya taɓa komai. Wasu na'urori suna da maɓallin PAD wanda ke rage ƙarfin da ke shigowa, domin irin wannan hali.

Kusa da nan akwai maɓallin da aka rubuta +48V a kansa. Makirufo iri biyu muka fi amfani da su. Na hannu, irin Shure SM58 wanda aka fara sayarwa a 1966 kuma har yau ana ƙera shi, ba ya bukatar wuta. Amma siririn nan mai dogon wuya na kan mumbari, da waɗanda ake ratayewa bisa kan mawaƙa, yawancinsu ba sa aiki sai an aika musu bolt 48 ta cikin wayarsu. Kamfanin Neumann na Jamus ne ya fito da wannan tsari, shi ma a 1966. Sau nawa aka ajiye makirufon mumbari a kabad aka ce ya mutu, alhali maɓallin nan ne kawai ba a danna ba? A kula da abu biyu. A rufe layin kafin a kunna ko a kashe wannan wuta, don takan yi wata ƙara mai dukan lasifika. Sa'an nan kada a jona wayar hannu ko kwamfuta ta ramin XLR yayin da wutar ke kunne, tana iya lalata su. A ƙananan mikisa kuwa maɓalli ɗaya ne ke ba dukan layuka wutar a lokaci guda.

Maɓallin farko, wanda ya fi kowanne

Maɓallin murɗawa na farko an rubuta GAIN a kansa, a wasu na'urori TRIM. A nan za mu daɗe, domin mafi yawan wahalar da muke sha a nan take farawa. Mutane da yawa sun ɗauka wannan maɓalli da feda, wato abin turawa sama da ƙasa da ke can ƙarshen layi, aiki ɗaya suke yi, tun da ko wanne aka ɗaga sauti yana ƙaruwa. Aikinsu daban ne. Na saman yana ɗaga raunanniyar muryar makirufo ta kai matsayin da na'ura za ta iya aiki da ita. Feda kuwa tana ƙayyade nawa daga cikin wannan murya za a saki ga jama'a.

Ana auna wannan ɗagawa da desibel, dB a taƙaice, sunan da aka ciro daga na Alexander Graham Bell. Lissafinsa ba irin na mudu ba ne. Ƙarin dB 6 yana ninka ƙarfin lantarkin kusan sau biyu, dB 20 sau goma, dB 60 sau dubu, kuma kusan nan ne iyakar wannan maɓalli a na'urori da yawa. Ke nan ɗan murɗi kaɗan babban canji ne.

Idan aka bar shi ƙasa ainun, murya takan shiga na'ura da rauni. Sai a tura feda har ƙarshe, a ƙure amfilifaya, kuma duk shuuu ɗin da ke cikin na'urorin ya ƙaru tare da muryar. Idan kuma aka murɗa shi fiye da kima, sautin yakan fi ƙarfin abin da na'ura ke iya ɗauka, ta yanke kansa, murya ta fito a tsage kamar daga fasasshen tulu. Jar fitilar da aka rubuta PEAK ko CLIP tana kunna ne don ta sanar da wannan. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, sauke feda ba ya warkar da tsagaggen sauti, yana rage ƙarar tsagewar ne kawai, gama ɓarnar ta riga ta auku a sama. Irin wannan sauti, idan aka daɗe ana tura shi da ƙarfi, yana iya ƙona ƙaramar lasifikar da ke fitar da siraran sautuka.

Ga yadda ake saita shi, kuma kafin jama'a su taru ake yi. A sauke fedar layin ƙasa. A danna maɓallin PFL, a wasu na'urori SOLO, wanda ke tura wannan layi shi kaɗai zuwa fitilun awo da abin sauraro na kunne ba tare da jama'a sun ji ba. A sa mai magana ya tsaya inda zai tsaya, ya karanta da muryar da zai yi amfani da ita da gaske. Kada a yarda da busa makirufo ko bubbuga shi da yatsa, wannan ba ya nuna komai. Mai jan waƙa ya rera baitin da ya fi ɗaga murya a cikinsa. A murɗa a hankali har fitilun su riƙa kaiwa wajen 0, jar fitila kuwa ta kasance a mace ko ta ƙyafta jifa-jifa. A saki PFL, sa'an nan a ɗaga feda. Daga nan hannu ya bar maɓallin sama, sai dai idan wani mai murya dabam ƙwarai ya karɓi makirufon.

Maɓallan gyaran murya

Kowane sauti girgizar iska ne, kuma ana ƙirga yawan girgizar a cikin daƙiƙa ɗaya da Hz, don tunawa da Heinrich Hertz, masanin kimiyya Bajamushe. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga wajen Hz 20 zuwa 20,000, kuma saman yana raguwa da shekaru. Kaurin muryar babban namiji yana tsakanin wajen 85 da 180, na mace tsakanin 165 da 255.

Saboda haka ƙaramin maɓallin nan da ke ƙarƙashin GAIN, mai suna LOW CUT ko HPF, wanda ke zubar da abin da ke ƙasa da Hz 75, 80 ko 100, ba ya ɗauke wa murya wani abin kirki. Abin da yake zubarwa shi ne takun ƙafa a kan dandamali, gurnanin iskar fanka, motsin hannu a jikin makirufo, da bugun numfashi da ke fita tare da harafin b da f. Shawararmu ita ce a danna shi a kan kowane layi na murya. A bar shi a buɗe ga jitar bes, da kibod, da babbar ganga, da tulun Zumuntar Mata, domin daɗinsu a can ƙasa yake. Idan ana jin wani gurnani mara yankewa, wannan yawanci daga wutar lantarki yake, wadda a ƙasarmu take juyawa sau 50 a daƙiƙa. Maɓallin zai rage shi, amma maganinsa na gaskiya shi ne a nemo wayar da ta lalace. Muna gargaɗi da babbar murya: kada wani ya cire ƙafa ta uku ta filogi don ya kashe gurnani. Wannan ƙafa ita ce ke kai wuta ƙasa idan na'ura ta sami matsala, in babu ita jikin wanda ke riƙe da makirufo ne zai zama hanyar.

Bayan wannan sai maɓallai uku ko huɗu: HIGH na siraran sautuka, wajen Hz 10,000 ko 12,000, MID na tsakiya, LOW na kauri, wajen 80 ko 100. Idan alamar maɓalli tana kallon ƙarfe 12, bai ƙara ba bai rage ba. Dama ƙari ne, hagu ragi, yawanci har dB 15 kowane ɓangare. Daga ƙarfe 12 ake farawa kullum.

Al'adar da muka fi gani ita ce a murɗa LOW zuwa dama don muryar Fada ta yi kauri kamar ta mai karanta labarai a rediyo. A kusa da na'ura abin yana da daɗin ji. Amma majami'unmu bangon siminti gare su, da rufin kwano, da daɓe mai tauri, kuma a irin wannan gini sauti yana daɗewa yana yawo, kaurin kalma ɗaya ya rufe farkon ta gaba. Abin da ke rarrabe kalmomi kuwa yana sama, musamman tsakanin Hz 2,000 da 4,000, inda baƙaƙe ke bayyana. Mu gwada da harshenmu. Me ya raba sara da shara da tsara? Me ya raba saya da tsaya, ko kasa da ƙasa? Ɗan ƙaramin sauti ne a farkon kalma, mara ƙarfi, wanda shi ne na fari da ke nutsewa idan kauri ya yi yawa. Tsohuwar da ke zaune a baya, wadda kunnenta ya riga ya rasa sautukan sama, ita ce ta fara yin hasara. Bugu da ƙari, makirufon hannu da kansa yana ƙara kauri idan baki ya matso shi sosai, don haka sau da yawa ragi ake bukata.

Ka'idar da masu wannan aiki suka yarda da ita ita ce a fara da rage abin da ya yi yawa kafin a ƙara abin da ya gaza. Idan murya ta fito kamar daga cikin randa, a rage wajen Hz 200 zuwa 400. A na'urar da MID ke da maɓalli biyu, ɗaya yana zaɓen wurin, ɗaya yana ƙari ko ragi. A lokacin gwaji a ɗaga na biyun kaɗan, a juya na farkon a hankali har a kai inda muryar ta fi muni, sa'an nan a mayar da na biyun hagu. Ragin dB 3 zuwa 6 yakan isa. Idan sai an ƙure maɓalli kafin murya ta gyaru, to matsalar tana ga makirufon ko inda aka kafa shi.

Hanyoyin gefe, da tushen kuka

Maɓallan AUX suna ɗibar wani kaso na layin su aika shi wani wuri dabam: zuwa lasifikar da ke ƙasa gaban mawaƙa don su ji kansu, zuwa rumfar waje ranar babban taro, ko zuwa na'urar ɗaukar sauti. Wanda aka rubuta PRE yana ɗiba ne kafin feda, don haka motsin feda bai shafe shi ba, kuma shi ya dace da mawaƙa. POST yana ɗiba bayan feda, yana bin ta sama da ƙasa, kuma shi ake amfani da shi wajen eko, wanda wasu na'urori ke rubuta FX a kansa. Game da eko ra'ayinmu a fili yake. Kaɗan a kan waƙa ba laifi. A kan karatu, wa'azi da sanarwa kuwa a rufe shi ƙurmus, gama ginin ya riga ya ba mu eko fiye da bukata.

Kukan da muka fara da shi zagaye ne: makirufo ya ji lasifika, na'ura ta ƙara abin da ya ji, lasifika ta sake fitar da shi, makirufo ya sake ji, har abin ya zama ƙara ɗaya mai tsini. A Turai ana kiransa da sunan Søren Larsen, masanin ƙasar Danmak da ya yi nazarinsa. Duk ƙarin da aka yi a cikin zagayen, ko a GAIN, ko a gyaran murya, ko a AUX, ko a feda, yana matso da shi. Amma manyan dalilansa biyu ba a kan na'ura suke ba. Na farko nisa ne. Duk lokacin da tazarar baki da makirufo ta ninka, ana hasarar kusan dB 6. Wanda ya ja baya daga santimita 5 zuwa 20 ya zubar da wajen dB 12, kuma mai kula da na'ura zai nemi cike giɓin har kuka ya tashi. Na biyu yawan makirufon da ke buɗe. Duk ninkin adadinsu yana cinye kusan dB 3 daga sararin da ake da shi kafin kuka. Mawaƙanmu kuma su daina dunƙule kan makirufo da tafin hannu. Akwai ƙananan kafofi a bayan kan waɗanda ke sa shi ƙin sautin da ke zuwa daga baya, idan aka toshe su sai ya riƙa ji ta kowane gefe. Manyan lasifika su kasance gaba da makirufo suna fuskantar jama'a. Idan kuka ya tashi duk da haka, a sauke fedar da aka ɗaga ta ƙarshe. Idan ba a san ta ba, a ɗan sauke babbar feda ta gaba ɗaya, a riƙa rufe layuka ɗaya bayan ɗaya har a gano mai laifin.

Ƙasan layi

PAN yana raba sauti tsakanin lasifikar hagu da ta dama. A majami'a a bar shi a tsakiya, domin wanda ke zaune a hagu ta hagu kawai yake ji. MUTE yana rufe layi ba tare da an taɓa saitinsa ba. A lura cewa wasu na'urori, kamar da yawa daga cikin na Yamaha, ON suke da shi a madadinsa, inda fitila a kunne ke nufin layi a buɗe yake, akasin MUTE. Duk makirufon da ba a magana da shi a rufe shi, musamman ƙaramin nan mara waya da ake maƙalawa a riga, wanda mai shi yakan manta yana kunne bayan ya shiga ɗakin sa tufafi.

A jikin feda, alamar 0 ko U ba a ƙololuwa take ba, tana wajen kashi uku cikin huɗu na hanya. A wannan wuri feda ba ta ƙarawa ba ta ragewa, kuma a kewayensa ne aka buɗa ma'aunin, yadda ɗan motsi ke kawo ɗan canji. Can ƙasa an matse shi, motsi kaɗan sai sauti ya yi tsalle. Idan muka ga feda tana zaune kusa da ƙasa amma sauti ya cika ɗaki, alama ce an ƙure GAIN ko amfilifaya. Idan tana ƙololuwa ba a ji, GAIN ya yi ƙasa.

Ƙarfin ƙara ma yana da iyaka. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawarar kada a wuce awa 8 a cikin ƙarar dB 85, kuma duk ƙarin dB 3 yana raba lokacin biyu: awa 4 a 88, awa 1 a 94, minti 15 a 100. Mu tuna su wa muke zaunarwa a gaba, dab da lasifika. Yara ne. Mai kula da na'ura ya riƙa tashi yana zagayawa baya da gefe ya saurara da kunnensa, gama abin da yake ji a kujerarsa ba shi ne abin da kowa ke ji ba.

Farisoshin da suka sayi mikisa ta zamani mai allo, irin Behringer X32 da ta fito a 2012, kada su ɗauka darasin bai shafe su ba. Maɓallan nan duka suna ciki, sai dai jeri ɗaya ne ke yi wa dukan layuka aiki, ana danna maɓallin zaɓe na layin da ake so kafin a murɗa. Awonta kuma dabam yake: 0 shi ne ƙarshen iyaka, don haka wajen -18 ake nufa. Tana iya ajiye saiti a kira shi wani mako.

Ga masu tsohuwar kuwa, a manna farin tef a ƙasan feda a rubuta mumbari, bagadi, mawaƙa, kibod, kuma ranar da sauti ya yi kyau a ɗauki hoton na'urar da waya a ajiye. A lulluɓe ta da ƙyalle bayan aiki, musamman lokacin hunturu, domin ƙurar da ta shiga ramin feda ita ce ke kawo ƙaraf-ƙaraf idan ana tura ta. Wajen kunnawa, mikisa da sauran kaya su fara, amfilifaya ta zo ƙarshe. Wajen kashewa amfilifaya ce ta farko. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar taro, a kashe amfilifaya nan da nan, a jira janareta ya tashi ya daidaita, sa'an nan a sake bin tsarin kunnawa daga farko.